Yadda Za Ka Sha Barcinka a Kujerar Alƙalin Musabaƙa

Ɗan'uwa, in an naɗa ka alƙalin musabaƙar karatu ta Islamiyyu, kuma kai ma barci na sace ka da rana tsaka, matso kusa. Ni Malam Abdulgaffar shekara tara na yi a kujerar nan tsakanin Batsari da Safana, ko rabin karatun ban ji ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba mai raba ka da kujerarka.

Mataki na 1: Gina wuya

Kada ka raina shinkafar kwamiti. Ci taka, ci ta wanda bai zo ba, ka kora da lemon kwalba biyu. Masallaci taku arba'in ne daga ƙofar gidanka? Hau babur. Ranar da maɓallin wuyan riga ya ƙi shiga, ka ce tela ne bai iya awo ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne, yanzu duk taron malamai da ka leƙa, rabinsu wuya ya haɗe da kafaɗa.

Mataki na 2: Ƙaryata maiɗakinka

Tawa, Shafa'atu, ta tare ni da safe ta ce, "Malam, minsharin na saba da shi. Amma sai ka yi ɗif, numfashi ya ɗauke, in ƙirga har ashirin, sannan ka zabura kamar an shaƙe ka. Wallahi tsoro nake ji."

Ce mata mafarki take yi. Ciwon kan da kake tashi da shi kuwa, yawan nazari ne.

Mataki na 3: Guji mai farar riga

Ubaidullahi, jami'in lafiyar unguwarmu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, sannan ya ɓata gaisuwar. "Baba Malam, wannan fa ciwo ne. Maƙogwaro ke toshewa cikin barci, shi ya sa barcin dare ba ya isar ku. Yana jawo hawan jini. A rage tumbi, a riƙa takawa da ƙafa, a kwanta ta gefe, sannan a je Katsina a duba ku."

Ji yaro! Tuna masa kai ka koya masa baƙi da wasali, ka ja babur ka wuce.

Mataki na 4: Rufe ido da mutunci

Jingina, riƙe carbi, ka kaɗa kai sau biyu kafin ka tafi. Jama'a za su ce Malam ya nutse cikin karatu. Makin kuwa, leƙa takardar na kusa da kai ka rage ɗaya, don a san kana da tsanani.

Mataki na 5: Raba hannunka da ƙararrawa

A nan na yi sake. Ƙararrawar nan ta kan tebur ba a buga ta sai mai karatu ya yi kuskure. A zagayen ƙarshe a Safana, wata yarinya Tayyiba daga Yasore ta hau. Mahaifinta ya ɗauko ta a babur tun da sassafe. Muryarta ta yi daɗi, ni kuwa na tafi. Can numfashi ya tsaya, na zabura, hannuna ya sauka a kan ƙararrawa, ƙilin!

Yarinya ta tsaya, ta koma baya ta maimaita ayar daidai. Ta dube ni. Ni kuma na haɗe rai, don alƙali ba ya cewa barci yake. Ta sake komawa, sai ta sarƙe da gaske. Ta zo ta huɗu, uku ake ɗauka.

Sauran alƙalan har suna yaba mini kaifin kunne.

Mataki na 6: Kada ka tsaya bayan taro

Ni na tsaya, saboda ba a raba abinci ba tukuna. Ina zaune sai ga ta ta durƙusa, ido jajir, mahaifinta na tsaye a baya riƙe da makullin babur.

"Malam, don Allah a ina na yi kuskuren farko? Ina so in gyara kafin baɗi."

Na buɗe baki, ko surar da take karantawa ban sani ba. Na ce, "Je ki ƙara ƙoƙari, 'yata." Ta yi godiya. Godiyar nan ita ta hana ni cin shinkafar, kunya ta rufe ni.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka kan bin matakan nan, ba ruwana, kada ma ka neme ni. Kujerar na ajiye ta da hannuna. Katsina na je, likita ya maimaita maganar Ubaidullahi tas, har da ƙari. Masallaci da ƙafa nake zuwa, Shafa'atu kuma ta ɗinke mini ƙwallon goruba a bayan singileti, da na juya rigingine sai ya tuna mini.

In dai dole sai ka gan ni, ran Asabar ina Yasore. Akwai yarinyar da wata biyu ke nan tana neman kuskure a inda babu, zan je in faɗa mata, gaban mahaifinta, wanda ya yi shi.