Ƙugiyar Motar Alhaji Nababa

Allah Ya yi wa garin Gummi baiwa biyu: kogi da Alhaji Nababa. Kogin ma yakan ja baya da rani. Alhaji kuwa rani da damina a cike yake.

A Anka ya yi arziki, wajen sayar wa masu injin niƙan dutsen zinariya man fetur a jarka. Da aljihu ya yi nauyi sai ya sayo a-kori-kura 'yar Kwatano, fara sol. A gindinta akwai wani ƙarfe mai dunƙulallen kai kamar curin fura, wanda ake maƙala tirela ko a ɗaura igiya a ja motar da ta mutu. Alhaji bai da tirela, bai kuma da niyyar jan kowa. Amma mutum mai basira ba ya barin ƙarfe ya zauna a banza.

Ya fara da kiran baduku, aka ɗinka wa curin hular jar fata mai tuntaye. Mai walda ya liƙa masa matakala, don Alhaji ya riƙa hawa yana jawabi. Aka ƙara bututun soke laima, kada rana ta taɓa mai jawabin, da marataya ta butar alwala. Da babbar Salla a nan ya rataye ragonsa bayan an feɗe, ya zaga unguwanni a hankali don marasa hali su ga kitse su yi tasbihi. Duk wanda ka gani da tabo a ƙwauri a kasuwar Gummi, to ya taɓa ratsawa ta bayan motar nan. Alhaji ya ce ai gaisuwa ce ƙarfen yake yi wa talakawa. 'Yan gari suka raɗa wa Alhaji suna Sarkin Ja, shi kuma ya ɗauka yabo ne, ya sa aka rubuta a gilashin baya.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin ƙungiyar manoman shinkafa ta fadama. Bai taɓa dasa ko kan shinkafa ɗaya ba, amma wannan ƙaramar magana ce. Zaɓen ƙungiyar na layi ne, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Abokin takararsa wani ne da ake kira Malami, mai keke.

"Jama'a, ku duba ƙarhen ga!" in ji Alhaji daga kan matakala, laima na kansa. "Wanga shina jan gingimari da kayanta. Wanda Allah Ya ba abin ja shi ka jan al'umma. Malami mi zai ja ku da shi? Sarƙar keke?"

Ranar zaɓe da hantsi labari ya iso gari cewa injin casar ƙungiya ya kafe a fadama. An yi ruwan ƙarshen damina, kogi na tasowa, in ba a fitar da injin ba ya tafi ke nan, casar bana ta koma ta sanda. Manoma suka yi ta murna da suka hango farar mota ta doso su. Har wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta rangaɗa guɗa.

Alhaji ya fito, ya hau matakala, ya buɗe laima. Aka miƙo masa igiya duk taɓo. Ya dube ta, ya dubi hular fata.

"Wagga igiya za ku ɗaura min? Kun san daga ina anka kawo hwatar ga? Ku yi haƙuri, in na hau kujera zan kahwa kwamiti kan matsalar kahewar injuna."

"Alhaji, ruwa na tahowa!" in ji Inna Tabawa.

"Inna, shi ma ruwan kwamitin zai duba shi."

Malami kuwa sai ya sulale. Ya hau kekensa ya ɗauko Dikko, makiyayin da ke zaune a gefen fadamar, da bijimansa biyu. Aka ɗaura, aka yi kabbara, jama'a suka sa kafaɗa, injin ya fito. Alhaji ya tafa daga ƙarƙashin laima, ya ce dama shawarar da yake shirin bayarwa ke nan.

Don ya riga kowa isa filin zaɓe, sai ya yanke ta gajeriyar hanya. Motar ta dulmiya da ka cikin kwatami, ta sha ruwa, ta yi tari biyu, ta mutu. Gabanta duk ya nutse. Abin da ya rage a sarari, yana ƙyalli da tuntayensa, ƙarfen baya ne kaɗai.

Dikko ya zo da igiyar nan dai, mai taɓon. Ya tuɓe hular fata ya miƙa wa Alhaji ta taga.

"Riƙe hulatai, Alhaji, kar ta ɓaci."

Ba wanda ya yarda ya sake shiga taɓo don a juya motar, ga lokacin zaɓe ya matso. Haka bijimai suka jawo Sarkin Ja da baya-baya har cikin gari, ta tsakiyar kasuwa, buta na kaɗawa, shi yana riƙe da sitiyari yana kallon inda ya fito. Masu tabo a ƙwauri suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu suna yi masa barka da zuwa. Wallahi ban taɓa ganin farin ciki irin na ranar ba.

A filin zaɓe layin Malami ya kai har bakin masallaci. Alhaji ya tsaya kusa da motarsa ya gyara babbar riga, ya ba jama'a lokaci su yi tunani. Da ya waiwaya don ya ga magoya bayansa, sai ya haɗa ido da bijiman Dikko suna tuƙa. Su ma don ba a kwance su daga ƙarfen ba ne.