Yadda Za Ka Kare Bincikenka Na Kifin Teku Daga Masu Son Amfana Da Shi

Ka yi shekara da shekaru kana tonon ƙwayoyin gadon kifin teku, yanzu masu kamfani da 'yan majalisa sun fara leƙo ofishinka suna tambayar amfanin abin? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko kifi ɗaya ba zai tsira ta dalilinka ba.

Abar koyinmu wata Dakta ce. Ita ta gano cewa cikin irin kifi biyu da ake kiwo a keji a bakin teku, mai ɗigo-ɗigo ya gaji juriyar cutar da ke zuwa idan ruwa ya ɗumama, mai jan baya kuwa bai gada ba. Yayanta kiwon kifin nan yake yi, da shi yake riƙe gida, ga lokacin zuba 'ya'yan kifi ya matso.

1. Rufe bakinka

Ba a faɗin abin da aka gano sai mujalla ta buga, kada wani ɗakin bincike ya riga ka. Ita kuwa mujalla ba ta san gaggawa ba. Yaya ya zo har ofis, takalmin robarsa na jiƙa tayil, ya ce, "Ƙanwata, wanne zan zuba bana?" Dakta ta san amsar kamar sunanta. Ta jawo masa kujera, ta ba shi ruwan sanyi, ta ce, "Yaya, ya danganta." Haddace wannan, za ta yi maka rana.

2. Gajiyar da 'yan majalisa

Ɗan majalisa jimla ɗaya yake nema, kai kuma ba ka yi karatu don ka yi jimla ɗaya ba. Dakta ta haska wa kwamitin majalisa wani zane mai rassa a bango, rubutunsa ƙanana kamar tururuwa, ta bi shi reshe-reshe har mataimakin shugaba ya fara gyangyaɗi. Shugaban ya yi ta maza ya ce, "To Dakta, wane iri za mu ce a raba wa masu kiwo?"

"Ranka ya daɗe, ana buƙatar ƙarin bincike."

Aka tafa mata, aka tashi cin abinci.

3. Sallami mai kamfani cikin mutunci

Manajan gidan ƙyanƙyasar kifi zai roƙe ka hanya mai sauƙi ta tantance iri. Kada ka ce a'a, rashin tarbiyya ne. Tura masa ɗanyen bayanan gaba ɗaya, irin fayil ɗin da kwamfutarsa za ta wuni tana nishi ba ta buɗe ba. Ka ba shi komai ke nan, bakinsa ya mutu.

4. Idan zuciya ta motsa, danne ta

Nan ake faɗuwa. Ko Dakta sai da ta ɗauki waya wata la'asar, don tana son yayanta, shi ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta. Har ta nemo lambarsa, sai ta tuna Farfesan wani ɗakin bincike da ke gasa da ita, ta tuna kuma Yaya ba ya iya riƙe magana. Ta rubuta masa, "Allah ya ba da sa'a."

5. Girbi abin da ka shuka

Yaya ya zuba mai jan baya, don ya fi saurin girma. Ruwa ya ɗumama, kifi suka taso ciki sama, keji bayan keji. A wannan watan mujalla ta buga binciken, rediyo ya yi hira da Dakta.

Yaya ya dawo ofis ɗauke da kula cike da matattun kifi, ya dire a kan teburinta. Wannan karon bai zauna ba.

"A rediyo na ji," in ji shi. "Ranar da na zo, kin sani?"

"Yaya, mu a kimiyya ba ma cewa mun sani."

Ya fita ya ja ƙofa a hankali. Dakta ta yi kuka sosai, ba laifi, kai ma an yarda ka yi. Amma lura da gwaninta: ba ta zubar da kifin ba. Ta manna musu lamba ta jera a firiza, samfurin bincike na gaba ya samu kyauta. A shafin godiya ta rubuta: "ga wani mai kiwo."

Gargaɗi

Ba ruwan marubuci da warin kifi ko kejin da aka kwance aka jingine a bayan gida. Idan yayanka ya daina ɗaga wayarka, kada ka neme ni. Ko hakan na da alaƙa da matakan nan, ana buƙatar ƙarin bincike.