Daren da Na Kori Beguwar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da daren nan ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba. Sun riƙe maganar kamar gadon gidansu.

Bari in fara gaya muku irin surukin da nake kafin wannan dare. Ni ne wanda ake ba da misali da shi. Idan na je gaida mahaifin matata, Alhaji, a gidansa na Funtua, tun daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa da tabarma, in sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko ruwa aka kawo sai in ce alhamdu lillahi, na ƙoshi (alhali maƙogwarona ya bushe ƙamas). Muryata kuwa, sai Alhaji ya karkato kunne kafin ya ji amsar gaisuwa. Har ta kai yana gaya wa abokansa na kasuwar hatsi cewa mijin Bilkisu ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Ranar da maganar ta dawo kunnena, da murmushi na kwana. Ni malamin makaranta ne, sauran surukan gidan kowa da motarsa da shagonsa, to wannan shaida ta natsuwa ita kaɗai ce abin da na fi su, kuma ina lallaɓa ta kamar ƙwai.

Alhaji ya san ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Kafur, amma bai san aikin da na tashi da shi ba. Gonarmu a gindin duwatsu take, kuma a cikin duwatsun nan beguwa ke zaune da 'ya'yanta da jikokinta. Da masara ta yi goyo, ni da babana mun bar kwanan gida ke nan. Akwai wata rumfa da muka ɗaga a kan itace a tsakiyar gona, nan muke kwana, garwa a gefena, sanda a hannuna. Babana ya yi barcinsa, ni in yi gadi. Da na ji ƙurus-ƙurus a cikin kara, sai in buga garwa, in kurma ihu, in wurga sanda wajen da ƙarar take. In kuwa barci ya sace ni aka wayi gari an yi ɓarna, ba sai na faɗa muku abin da ke biyo baya ba. Haka na girma. Daga baya na yi karatu, na koyi guga da turare da magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka yaron nan na rumfa ya daɗe da mutuwa.

Shi kuwa Alhaji ɗan gari ne, tun yana saurayi yake sayen masara, amma bai taɓa kwana a gona ba. Duk shekara manoman Tsiga da na Mahuta za su zo masa da kukan beguwa ta yi musu ɓarna, shi kuma ya yi ta tsokanarsu. Yakan ce shi dai tun yana yaro yake jin sunan dabbar nan, bai taɓa ganin ko wutsiyarta ba, sai ƙayarta guda ɗaya da mahaifiyarsa ke tsaga kitso da ita. Wai yana zargin manoma ne suka ƙirƙiro ta don su sami wanda za su ɗora wa laifi. In yana wannan magana ni dai kaina a ƙasa.

To ana nan sai Yaya Sanusi, yayan Bilkisu, ya dawo daga wata tafiya da labarin wani gandun namun daji mai nisa da mu, inda ake ɗaukar baƙi a mota bayan isha'i a zaga da su su ga dabbobin da ba sa fitowa sai dare. Ya ce har beguwa ana gani. Alhaji ya ajiye carbi ya ce a kai shi. Iyalan gida suka yi ta ba shi baki, ga nisa, ga ciwon gwiwa, sai da sanda yake tafiya. Ya ce ko a kafaɗa ne sai an kai shi, yana so ya ga abar nan da idonsa kafin idon ya gama tafiya. Da aka zo zaɓen wanda zai zauna kusa da shi ya kula da shi, da bakinsa ya ce a kira mijin Bilkisu, don shi ne ba zai dame shi da surutu ba. Na so ku ga yadda nake tafiya a satin nan. Har ɗalibaina sai da suka tambaya ko ƙarin girma aka yi mini.

Muka kama hanya da sassafe, ni da Alhaji da Yaya Sanusi da Bilkisu. Yaya Sanusi ya miƙo mini makullin motarsa tun daga ƙofar gida (surukai ai ba a yi musu musu), don haka ni na yi tuƙi yini guda. Mun isa da la'asar sakaliya, bayana kamar an daka. Amma murna ba ta bar ni na ji gajiya ba. Bayan isha'i aka ɗora mu a wata buɗaɗɗiyar mota mai kujeru hawa-hawa, tare da wasu baƙi, cikinsu har da wani mutumin kudu mai kyamara doguwa kamar taɓarya. Ma'aikacin gandun ya tsaya ya karanta mana dokoki: ba a sauka, ba a kunna hasken waya, kuma uwa uba, ba a magana. Yana faɗar ta ƙarshen nan Alhaji ya nuna ni da haɓa, ya ce wa ma'aikacin wannan dai ba sai an gaya masa ba.

Jama'a, dajin dare wata duniya ce. Na kwana a gona shekara da shekaru, amma ban taɓa kallon dare don nishaɗi ba sai ranar. Ma'aikacin yana riƙe da fitila mai jan haske, wai ba ta firgita dabbobi. Duk inda ya haska sai ka ga idanu biyu sun ƙyalla a cikin ciyawa. Ga zomo ya daskare a tsakiyar hanya. Ga mujiya a kan reshe tana juya kai tana bin mu da kallo kamar mun ci mata bashi. Wata gada ta tsallake gabanmu, tsalle ɗaya ta ɓace. Can nesa kura ta yi kuka, Bilkisu ta matso jikin yayanta, ni kuwa tsigar jikina ta tashi don daɗi. Alhaji ya koma yaro. Sandarsa tana jingine tsakanina da shi, duk abin da ya gani sai ya dafa gwiwata ya raɗa, "Malam, waccan fa?" Ni kuma in raɗa masa sunanta. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa dafa ni ba sai daren nan. A zuciyata na ce yau na gama da sauran surukai.

Daga nan aka kai mu gindin wani dutse, direba ya kashe mota. Ma'aikacin ya yi mana bayani da raɗa cewa ramin beguwa na nan, kuma sun watsa mata ɗanyar masara tun da yamma, sai dai a yi haƙuri, don dabba ce mai tsananin tsoro. In ta firgita ba za ta sake fitowa ba a wannan dare. Ya kashe fitila. Muka yi tsit.

Muka jira, muka jira. Iska mai sanyi tana kaɗawa, gyare na kuka, ga ƙamshin ɗanyar ciyawa, ga duwatsu sun yi baƙi a gabana, ga ni zaune a wuri mai tudu. Ku haɗa wannan da tuƙin yini guda. Ban san lokacin da kaina ya fara lilo ba. Ba barci sosai ba ne, irin gyangyaɗin nan ne na mai gadi, ido a rufe kunne a buɗe.

Sai na ji ƙurus. Ƙurus-ƙurus.

Wallahi ba ni na yanke shawara ba. Kafin hankalina ya dawo, jikina ya riga ya tafi aiki. Na miƙe tsaye a cikin mota, na shiga dukan ƙarfen motar da tafin hannu kamar garwa, na buɗe maƙogwaron da Alhaji bai taɓa sanin ina da shi ba.

"Kai! Kai! 'Yar banza, ɓarauniya! Baba, tashi, ta shigo! Ta shigo!"

Hannuna ya lalubo sanda a gefena, inda sanda ta saba zama, na wurga ta da iyakar ƙarfina cikin duhu.

A daidai lokacin ne ma'aikacin ya kunna jar fitilarsa. Na ga beguwa, ƙatuwa, irin wadda ban taɓa gani ba ko a duwatsunmu, ta baza ƙayoyinta ta karkaɗa su, ta juya ta faɗa rami. Duka-duka bai fi ƙiftawar ido ba. Sannan na ga sauran abin da fitilar ta haska: mai kyamara da baki buɗe, Yaya Sanusi ya dafe ƙirji, Bilkisu ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ni kuma ga ni tsaye ƙiƙam, hannu a sama, ina haki.

Alhaji yana zaune da tabarau a hannu ɗaya, gefen rigarsa a ɗaya hannun. Ashe da ya ji motsi sai ya cire tabarau yana gogewa don ya gani da kyau. Bai ga komai ba. Ya mayar da tabarau a hankali, ya ɗaga kai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya shafa gefensa, sannan ya yi tambaya cikin sanyin murya.

"Malam, ina sandata?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na riga beguwar shiga. Na zauna. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai muryar nan tawa ta surukai ta dawo, siririya, ba wanda ya ji abin da na ce. Ma'aikacin ya ce ba a sauka da dare, sanda sai da safe, kuma zama ba shi da sauran amfani. Mai kyamara ya yi wata doguwar magana da harshensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na fahimce ta tsaf. Har muka koma masauki kafaɗun Bilkisu suna ta rawa don dariya a ƙarƙashin mayafi. Da muka sauka, ni ne na zama sandar Alhaji, ya dafa kafaɗata har ƙofar ɗakinsa, ya ce sai da safe.

Ban runtsa ba. Abin da ya fi cin raina ba kunyar kaɗai ba ce. Dattijo ya yi tafiyar yini da ciwon gwiwa don abu ɗaya, abun ya zo har gabansa, ni da ya zaɓa da bakinsa na kori abun. Na ce wa Bilkisu zan bi motar haya in gudu kafin gari ya waye. Ta ce in na gudu wa zai tuƙa su gida, sannan ta sake fashewa da dariya har da riƙe ciki. Matar mutum ke nan.

Da safe aka ce Alhaji na kira. Na same shi a kan tabarma, koko da ƙosai a gabansa, sandarsa a gefe, ma'aikata sun ɗauko ta. A hannunsa kuma ga ƙayar beguwa guda ɗaya, doguwa, mai baƙi da fari, wai a kusa da sandar aka tsince ta. Na durƙusa can nesa kamar kullum. Ya daɗe yana juya ƙayar, ya ce ga shi ya tsufa, ya ƙetare garuruwa, ya sake komawa inda ya fara, shi da beguwa sai dai ƙaya. Sannan ya tambaye ni shekara nawa na yi ina wannan aiki. Na gaya masa komai, rumfa da garwa da babana. Ya gyaɗa kai.

"To na yarda akwai ta," in ji shi. "Ban gan ta ba, amma na ga abin da take mayar da ɗan mutane."

Ya turo mini kwanon ƙosai. Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ya ce, "Malam, mutumin da ya yi jifa da sandata, kunyar ƙosai ce ta rage masa? Matso ka ci." Na matso na ci. Ranar na fara cin abinci a gaban surukina, kuma ban taɓa cin ƙosai mai wuyar haɗiya irinsa ba.

Shaidar natsuwa dai ta tafi, ba ta dawo ba. Yanzu a gidan ba mai ce mini mijin Bilkisu. Daga Yaya Sanusi har matan gida, da na yi sallama sai in ji ana cewa ga Ta-shigo nan. Alhaji ya daina tsokanar manoma, amma ya sami sabon abin yi: duk manomin da ya zo masa da kukan beguwa, sai ya ce ya kwantar da hankalinsa, yana da suruki. Ƙayar tana nan a soke a jikin labulen zaurensa, duk baƙon da ya tambaya sai an ba shi labari daga farko, da ihun da komai, kuma Alhaji ya fi ni iya ihun yanzu.

Abin da na koya shi ne, guga da turare ba sa kashe yaron da ya tashi a rumfar gona, barci kawai suke sa shi, kuma barcin mai gadi ne. Saboda haka in za ka raka surukinka kallon namun daji, ka yi barcinka da rana, ka ƙoshi. In kuma ka san ka taɓa gadin masara, ka roƙi arziki a ba ka kujerar da ba sanda a kusa.