Yadda Ake Saita Launin Allon Kwamfuta da Ido Kawai

Kai da Baba ya saya wa tsohuwar kwamfuta, ya kuma rantse in wata ya ƙare bai ga sana'a ta fito daga cikinta ba zai sayar da ita ya kai ka gareji wankin inji, matso kusa. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci kwamfutarka ba inda za ta. Ni na bi su, duba farcena ka gani ko akwai baƙin mai.

1. Nemo aikin da gida zai gani

Ka je wurin Kaka. Hoton marigayi mijinta ɗaya ne tak, ya koɗe har ba a gane hula daga bango. Ka ce za ka dawo da shi sabo fil, babba, cikin firam. Za ta ce, "Kai da ko aji ba ka iya zama ba? Ka ɓata min tsohona, in ɓata maka fuska." Ka yi dariya. Ita ba wasa take ba.

2. Yi watsi da masana

Za su ce ka sayi wata 'yar na'ura da ake ratayawa a jikin allo tana auna launi. Ido ɗaya gare ta, kai biyu Allah ya ba ka. Za su kuma ce ka bar allon a kunne rabin awa ya ɗumama kafin ka taɓa shi. Rabin awa! Da ana iya zaman rabin awa ai da yanzu muna jami'a.

3. Shirya ɗaki

Wai sai bango mai ruwan toka da haske marar launi. Kai kuwa teburinka yana gindin taga, tagar kuma da jan labulen Yaya. Kana kai hannu za ka ji muryarta daga tsakar gida, "Taɓa labulen nan ka ga ikon Allah!" Bar shi. Gwani ba ya faɗa da labule.

4. Kawo farar takarda

Ka kara ta kusa da allo. A ƙasan allon akwai maɓalli biyar, uku ke aiki. Yi ta dannawa har farin allo ya zo daidai da farin takarda. In ka ga takardar ta yi ja-ja saboda hasken labule, to allon ma ka mayar da shi ja-ja. Takarda ba ta ƙarya.

5. Gyara Tsoho

Yanzu za ka ga fuskarsa ta yi jawur, kamar wanda ya hau bene da gudu. Maganin ja kore ne. Ƙara. Ƙara kuma. In ya yi maka daidai, nemi shaida. Yaya za ta ce, "Ya yi kyau," ba tare da ta ɗago kai daga waya ba. Shaida ta kammala.

6. Kada mai wanke hoto ya raina ka

Zai buɗe hoton a nasa allon, ya ce, "Abokina, marigayin a ruwa ya rasu?" Ka ce masa allonsa ne ba a saita ba. In hoton ya fito kore shar, ka ce tawadarsa ce. Sa shi a firam, ka juya fuskarsa ga ƙirjinka har gida.

7. Miƙa a gaban kowa

Ka tsaya kusa da ƙofar falo. Yaya za ta toshe baki da mayafi. Baba zai ce, "Wannan ubana ne ko kwaɗo?" ya zaro waya yana neman lambar mai gareji. Duk rayuwarka tana hannun tsohuwar da ta ɗora firam a cinya tana kallo.

Tawa kakar ta daɗe tana kallo, har Baba ya fara sallama a waya. Sai ta ce, "Shi ne wallahi. Haka fuskarsa take komawa duk ranar da na ce masa dangina za su zo su kwana biyu. Shekara arba'in ba wanda ya kamo shi sai wannan ɗan banzan." Ta share hawaye, ta dubi Baba. "Ajiye wayar nan, ɗauko guduma. Saman talabijin nake son sa."

Baba ya buga ƙusa da hannunsa. Kullum yanzu a ƙarƙashin koren ubansa yake kallon labarai.

Gargaɗi: wannan hanya ta yi aiki a kan kaka ɗaya, mai dangi da yawa, wadda tabaronta ya ɓata tun bara. In taka tana gani garau, ko mijinta mai son baƙi ne, babu ruwana, ban san ka ba, ban taɓa rubuta komai ba. Ka gaida min mai gareji.