Kwabon Mista Pettifer da Albasar Ron

Wata Asabar a watan jiya, Mista Aubrey Pettifer ya shiga lambuna da ƙatti da shebura ya tone mini albasa kaf. Ban ba shi izini ba, bai kuma nema ba. Ina can Norwich wajen ƙanwata da aka yi wa aikin gwiwa. Na dawo da yamma na tarar da ramuka inda na bar albasa, an kewaye wurin da igiya, an kafa allo an rubuta a kai: A KIYAYE, WURIN TARIHI.

Ba albasar kanti ba ce. Irin marigayi mijina Ron ne, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zaɓen mai kyau cikin mai kyau har ta zama kowane kai ya kai kan jariri. Ba a sayar da irin nan ko'ina. Wanda ke ƙasa shi ne duk abin da ya rage, har da layin da na bari ya yi fure don in samu na baɗi. Bajekolin amfanin gona na ƙauyenmu, Wendleby, saura mako guda, kuma kowa ya san bana kofin nawa ne.

Amma kada a ce na yi wa babban mutum rashin kunya. Mista Pettifer ai ba ƙaramin alhaki Allah ya ɗora masa ba. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Masu Tara Tsofaffin Kuɗi ta Wendleby, shi ne ya kafa ta, shi ne mai duba tsarin mulkinta, kuma duk shekara shi ke lashe lambar yabon da ya ƙirƙiro. Kafin ya yi ritaya labule yake sayarwa, amma kada ka kuskura ka tuna masa. Yanzu da sarakunan da suka mutu shekara dubu da ɗoriya yake hulɗa. Idan ya ce “Sarki Offa”, sai ka ɗauka jiya suka sha shayi tare. A mashayar ƙauye Babban Limami ake kiransa. Ya ji, ya ɗauka girmamawa ce, har ya fara ɗaga wa mutane yatsu biyu a titi kamar mai sa albarka.

Sunan daga kwabonsa ya samo asali. Wani ɗan kwabon azurfa ne, siriri kamar ɓawon albasa, na zamanin da manyan limaman cocin birnin Kantabari ke buga kuɗi da sunansu yadda sarakuna ke yi. A jikinsa akwai fuskar limamin, kai a aske a tsakiya, ido zuru-zuru. Duk wanda ya ga kwabon ya dubi sanƙon Mista Pettifer sai ya nemi inda zai kai fuskarsa. Shi kuwa cewa yake, “Jini ba ya ɓuya, kun ga kamannin da kanku.”

Kwabon yana cikin wani ɗan ambulan, ambulan ɗin yana aljihun falmaransa, saitin zuciya. Mutanen nan suna da dokoki. Ba a taɓa kwabo da hannu tsirara, ba a wanke shi, ba a yin numfashi a kansa. Ko iska, in ji shi, tana cin azurfa. Saboda haka ba ya buɗe ambulan ɗin sai da babban dalili. Shafa aljihun kawai yake yi yana lumshe ido, kamar mai cikin fari.

Ni na taɓa zama babban dalili. Farkon bazara ina durƙushe ina dasa albasa, ina barbaɗa takin kashin kaji, sai ga inuwarsa a kaina.

“Uwargida Garrod,” ya ce, “kina tona ƙasa ba ki san wa kike takawa ba. Bari in yi miki alheri yau.”

“Ka yi mini alherin matsawa, ka tare mini rana.”

Bai ji ba. Ya sa farar safar hannunsa, ya zaro kwabon, ya yi mini lacca har gwiwoyina suka yi tsami. Yana tsaka da bayanin askin limami ƙurar takin ta shige masa hanci. Ya yi atishawa irin wadda ta tashi tattabaru daga rufin coci, ya cusa abinsa a ambulan ido na hawaye, ya tafi yana cewa wasu mutane ba su dace da ilimi ba. Na manta da zancen.

To, ranar Asabar ɗin nan ya samu izini daga Misis Hilary Cobbold, shugabar kwamitin lambuna, ya zaga da na’urarsa ta gano ƙarfe. A kan hanyoyi kawai, in ji ta. Misis Cobbold dai ita ce wadda albasarta ba ta taɓa fin ƙwan kaza ba, kuma ita ta ɗauki kofin bana. Ban ce komai ba, na faɗi abin da ya faru ne kawai. Na’urar ta yi ƙara a gindin albasar da ta fi kowace girma. Ya cire albasar, ya sa yatsa a ramin, sai ga fuskar limami tana kallonsa daga ƙasa. Waɗanda suka gani sun ce ya zauna daɓas a kan kabejin maƙwabci, ya tashi, ya rungumi wani mutum da ya shekara ba ya gaisarwa, sannan ya aika a kira ’yan ƙungiya kowa da sheburinsa.

Da na iso yana tsaye bakin rami, laka har gwiwa, fuska na sheƙi.

“Wa ya ce ka shigo mini lambu, Aubrey?”

“Tarihi ne ya ce, uwargida. Ni ɗan aike ne kawai.”

“Albasata fa?”

Ya dubi tarin da aka watsar jikin shinge, shebur ya raba kowace biyu, furannin iri an tattake su cikin laka. “Albasa kowace shekara ana yi. Babban limami sau ɗaya yake tashi. Wata rana jikokinki za su yi alfahari a kan ƙasarki na tsaya.”

“Me kuka samu bayan guda ɗayan?”

Sun samu murfin kwalba, da ƙusoshi, da cokalin shayin Ron da muka yi ta nema tun yana raye. Mista Pettifer ya ce rashin samun komai shi ne babbar shaida, domin yana nuna an kwashe dukiyar cikin gaggawa lokacin da maharan teku suka kawo hari. Na tambaye shi yaya aka yi kwabon shekara dubu yake kwance a saman ƙasar da nake juyawa duk bazara. Ya ce tsutsa ce ta ɗago shi. “Ƙasa ta san hannun da take miƙa wa amana.”

Aka sa taro a zauren coci. Shayi, biskit, kujerun roba, har da mai ɗaukar hoto daga jaridar yankinmu. Na je na zauna layin gaba da jakata a cinya. A kan tebur an ajiye akwatin gilashi, a ciki kwabon yana kan jan ƙyalle, kusa da shi kuma babbar albasar Ron, ita kaɗai da shebur bai taɓa ba, da ’yar takarda a gabanta: WADDA TA YI GADI.

Ya hau dandamali da sabuwar falmaran a kan tsohuwar, don tsohuwar ba ta rabuwa da jikinsa.

“Jama’ar Wendleby, ku miƙe ƙafafunku, yau za a ɗaga ku. Mutanen da, da hatimin ƙarfe da guduma suke buga kuɗi. Idan hatimi ya tsage, duk kwabon da ya fito daga gare shi da tsagar zai fito. Mu masana, idan muka ga biyu daga hatimi ɗaya, tagwaye muke kiransu. Wasu sun tsufa sun mutu ba su ga tagwaye ba. Ni na gani.”

Ya yaye zane daga kan wani ƙaton hoton kwabonsa, wanda ke rataye a falonsa inda sauran mutane ke rataye hoton aure. Ya ɗauki sanda yana nunawa. Ga tsaga a gefen kunne, a nan da can. Ga ɓalli a baki, a nan da can. Ga ma ƙarzanen da ke kan hancin limamin, wanda kowa ya san shi ya yi shi da hantsaki wata Kirsimeti, shi ma a nan da can.

“Har ƙarzanen, jama’a. Wannan ya wuce tagwaye. Maƙerar babban limami a nan take, ƙarƙashin albasar matar nan. Na rubuta wa manyan jami’o’i. Na ba da shawarar a sa wa titin lambu sunan wanda ya gano, in dai ba za a ce na yi son kai ba.”

Aka yi ta tafi. Misis Cobbold har da share hawaye. Sai mai hoto, wadda duk wannan bai dame ta ba, tana son ta kama motar komawa gari, ta ce, “Ranka ya daɗe, a jera su biyun in ɗauka mu tashi.”

Ya ce iskar zauren ba ta da kyau. Jama’a suka ce a nuna, a nuna. Ya yi murmushin mai yi wa talakawa kyauta, ya sa safar hannu yatsa bayan yatsa, ya buɗe falmaran ta sama, ya kai hannu ta ƙasa, ya zaro ambulan. Ya karkata shi a kan jan ƙyalle.

Wani ɗan busasshen kashin kaji ya gangaro.

Ya girgiza. Ya leƙa. Ya hura, shi da ya hana numfashi.

Na ce, “Atishawa, Aubrey. Farkon bazara. Ashe kwabon ƙasa ya faɗi, taki ka cusa a ambulan.”

Wani daga baya ya shaƙe da biskit, sai da aka bubbuga masa baya. Daga nan ba wanda ya iya riƙe kansa. Fada, limamin cocinmu, ya fita waje wai zai duba motarsa, muna hango kafaɗunsa ta taga suna rawa. Mai hoto ta ɗauki hoto mafi kyau a rayuwarta.

Kuna tsammani ya rusuna? Ba ku san Babban Limami ba. Ya ɗaga yatsu biyu ya ce, “Ku lura da abin da ya faru. A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ya taɓa gano kwabo ɗaya sau biyu.” Ya buɗe akwati, ya ɗauke kayansa, ya mayar da kwaɗo ya kulle, ya fice. Washegari ya tafi wajen yayarsa a bakin teku, wai likita ya ce ya huta da shahara. Mabuɗin na rataye a sarƙar agogonsa.

Albasar tana nan cikin gilashi. Ina leƙa ta kullum ta tagar zauren. Ɗumin wurin ya sa ta fara tsiro, ɗan koren kai ya fito yana dungurin murfi. Idan ta shiga tukunyar shuka da ƙasa a makon nan, baɗi za ta yi fure, irin Ron ya rayu. Idan ta ƙara kwanaki za ta ruɓe, shi ke nan. Na yi wa Misis Cobbold magana, ta ce akwatin na ƙungiya ne. Na yi wa ’yan ƙungiya magana, suka ce tsarin mulki ya hana buɗe shi sai Shugaba yana nan.

To ku saurara, ku ’yan kwamitin lambuna da ku masu tsofaffin kuɗi. Ku cike mini ramuka da hannunku, ku tumɓuke allon nan. Daga yau kada a bar mutumin nan ya wuce ƙofar lambu sai ya tuɓe falmaran ya rataye a shinge. Kuma kafin a tashi daga coci ranar Lahadi ku buɗe akwatin ku miƙo mini albasar mijina. In ba haka ba zan zo da sheburin Ron. Mista Pettifer ya koya mini cewa ba a neman izini kafin a tono abu mai daraja.