Angon Tsintsiya

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da azumina na farko a Dakoro ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni daga Maraɗi in koyar a lakwal, wato makarantar boko, ina saurayi, kaina ya kumbura da Faransanci. Yara na ce mini Mushe (ba na jaki ba, na Nasara, wato malam). Rana na ƙona dutse amma ni ina cikin rigar Turawa da karabat ɗaure a wuya, ga tabarau wanda ba abin da yake ƙara wa idona.

A lokacin ina neman Rakiya, ɗiyar Alhaji Mamman, wani babban ɗan kasuwar hatsi. Matsalata ɗaya: duk sanda na tsaya gabanta sai bakina ya mutu. Sai na samo dabara. In an tashi yara, in rufe ƙofar aji, in jingina tsintsiya jikin allo, in yi ta gwada maganar da zan faɗa mata. (Ƙofa na rufe. Taga kam ban tuna da ita ba.)

Azumi ya yi nisa, an shiga tashe, Alhaji ya gayyace ni shan ruwa. Bayan magariba muna zaune a ƙofar gida da abokansa dattawa, har da liman, ni kuwa ina neman hanyar da zan burge suruki. Da muka jiyo kiɗan gwangwani daga nesa sai na gyara murya na fara masu lacca: wai asalin tashe tada mutane ne su yi sahur, daga baya yara suka maishe shi wasa, su liƙa gemun auduga su zama tsofaffi, su bi gida-gida a ba su gero da dabino. Mutanen da suka yi tashe tun ba a haifi ubana ba nake koya wa wannan. Suka yi ta gyaɗa kai don kara.

Sai ga yaran sun iso. A gaba wani ne sanye da riga ta takardar buhun siminti, igiyar akuya ɗaure a wuya, da tabarau na kara. Ya shafe fuska da toka, ya turo ƙirji yana taku kamar zakara.

Ya ɗaga hanci ya ce, "Wa ya fi ni ilimi a garin ga?"

Sauran suka amsa, "Babu, Mushe!"

Na kece da dariya. Da ma ba na shiri da diraktan lakwal ɗinmu, nan take na yanke cewa shi ake kwaikwayo.

Na ce, "Alhaji, wallahi diraktanmu ne sak! Ku dubi tafiyar. Mutum sai girman kai, ciki kuwa fanko."

Alhaji ya dube ni, ya dubi yaron, ya sake dubana. Ya ce, "Ashe?"

Na ce, "Ai ni na san shi. Duk gari dariya ake masa, shi kaɗai ne bai sani ba."

Wani dattijo ya sarƙe da kunu, aka yi ta bubbuga masa baya. Ni kuwa na zazzage ƴan kuɗin aljihuna na miƙa wa yaran, na ce su ci gaba.

Suka ci gaba.

Wani ƙaramin cikinsu ya fito da tsintsiya an ɗaura mata kallabi, ya tsayar da ita tsakiyar fili. A nan dariyata ta fara tsinkewa. Mai rigar siminti ya gyara igiyar wuyansa, ya durƙusa gaban tsintsiyar, ya dafa ƙirji. Sai a lokacin na gane muryar: Lawali ne, ɗan ajina mai zama kusa da taga.

Ya ce, "Madamazel Rakiya, in na gan ki hantata rawa take. Ba na barci, ba na cin tuwo. Ki dube ni, ni ne wayewar Dakoro!"

Kalma ɗaya bai ƙara ba, bai rage ba. Har sumbar da nake kai wa kan tsintsiyar sai da ya kai.

Daga cikin zaure sai aka ji mata sun fashe da shewa, kuma na rantse na ji muryar Rakiya a sama da ta kowa. Zufa ta jiƙa karabat.

Alhaji ya daure iyakar daurewa, sannan ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya samu numfashi ya share hawaye ya ce, "Mushe, to shi diraktan naku, mi ya haɗa shi da ɗiyata?"

Na buɗe baki. Hausa ta gudu, Faransanci ya bi ta.

Alhaji ya kira Lawali ya cika masa ƙwarya da gero, ya ce, "Ku maimaita wajen hantar nan, liman bai ji da kyau ba."

Kafin Salla babu gidan da ba a yi wasan ba, har masu zuwa cin kasuwa daga Korahane sun tafi da shi. Na ɗauka zancen aure ya mutu, na daina bi ta layinsu. Sai ga saƙon Alhaji, wai in turo magabatana. Ya ce mutumin da zai durƙusa wa tsintsiya ba zai wulaƙanta mace ba. Aka ɗaura aure, amma sunan Angon Tsintsiya ya bi ni har na yi furfura, jikokina ma da shi suke tsokanata.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya yi mini amfani a zaman duniya: in kana cikin taro ana dariya, kafin ka buɗe haƙora, duba tukuna ka ga ina idon mutane yake. In kai suke kallo, rufe bakinka ka nemi takalmanka.