Bangon Injiniya Badamasi da Gorunan Zoɓo

A duk faɗin Jibiya babu mai hangen nesa kamar Injiniya Badamasi. Makarantar da ta ba shi injiniyancin ba a san ta ba, amma ya shekara ashirin yana cike wa direbobin Maraɗi takardu a bakin iyaka, kuma ya taɓa kallon wani bidiyo a waya har ƙarshe.

A bidiyon nan ya ga ana gina gida da gorunan roba. Washegari ya sanar a majalisar mai shayi cewa zai ceci duniya daga shara. Tun daga ranar 'yan tasha suka naɗa shi Sarkin Gora, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Sharar da ya fara ceta ita ce gorunan matarsa Zaituna, waɗanda take ɗura wa zoɓo a kai tasha. Da su take cefane, tunda Injiniya ya fi ƙarfin tunanin miya. Ya kwashe su kaf, sana'a ta tsaya cak. Ta yi kuka har ta gaji.

Da aka zo gina gida da gorunan, Maɗugu magini, mutumin Maraɗi, ya ce a ɗura wa gorunan yashi, a shafe bangon da laka. Injiniya ya dube shi cikin tausayi.

"Kai Maɗugu, mi ka sani? Iskar cikin gora ita ka sanyaya ɗaki. In an shahe bango kuma, wa za ya ga aikina?"

Haka aka jera su fanko a kan tsofaffin tayoyi, da ɗan taɓo a tsakani. Ya ɗora sola guda a sama, wadda ke cika wayarsa in ba a yi hadari ba, ya ce ya sallami wutar gwamnati har abada.

Zaituna kuwa ta lura gorar da ba yashi ba ta wuyar zarewa. Kullum sai ta zari biyar ta bayan ɗaki, ta wanke tas, ta ɗura zoɓo. Tukunya ta koma kan wuta. Injiniya ya yaba da yadda iska ta ƙara shigowa, ya ce lissafinsa ne.

Ranar buɗe gida ya gayyato masu unguwanni daga Bugaje da Riko, ya sa aka raba wa kowa zoɓo mai sanyi. Ya gyara babbar riga, ya jingina da bango.

"Wanga gini, jikokin jikokina za su gaje shi!"

Bangon ya tafi da shi baya, ba ko ƙara mai daraja, sai kwaram-kwaram kamar an zubar da kwandon shara. Daga ƙasa, ƙafafu a sama, ya yi ihu:

"Zaituna! Ina rabin bangona?"

Ta leƙo daga madafa ta ce, "Ga shi nan hannun baƙinka, Injiniya. In sun shanye su maido mini."